Yadda Za Ka Auna Shawarwarin Sake Fasalin Ƙasa da Ma'aunin 'Yancin Kasuwa

Da wuya a yi kakar zaɓe a Najeriya ba tare da an tayar da maganar sake fasalin ƙasa ba. An tattauna ta a taron ƙasa da Goodluck Jonathan ya kira a 2014, jam'iyyar APC ta kafa mata kwamiti a ƙarƙashin Nasir El-Rufai wanda ya miƙa rahotonsa a 2018, kuma har gobe da zarar an ambaci harajin VAT ko 'yan sandan jihohi sai muhawara ta rikiɗe ta zama ta Kudu da Arewa, kowa yana lissafin abin da yankinsa zai samu ko zai rasa. Wannan lissafi na gwamnoni ne, kuma suna da waɗanda suke biya su yi musu shi. Manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci suna buƙatar ma'auni na dabam, kuma wanda zan bayyana a nan shi ne na masanan tattalin arziki masu ra'ayin sakar wa kasuwa mara da taƙaita hannun hukuma a cikin dukiyar mutane, waɗanda ake kira 'yan libatariyan. A wurinsu amfanin rarraba iko shi ne ya sa mai mulki ya riƙa shakkar wanda yake mulka, ko dai don daga aljihunsa yake ci, ko kuma don yana iya tattara komatsansa ya koma maƙwabta. Duk shawarar da ba ta ƙara wannan shakka ba, ko da an lulluɓe ta da sunan tarayya ta gaskiya, sauyin ubangida ce kawai.

Fara da gano inda ikon yake zaune

Kafin ka goyi bayan wata shawara ko ka soke ta, ka buɗe kundin tsarin mulki na 1999 ka je jadawali na biyu. A nan za ka tarar da jerin abubuwa 68 da aka keɓe wa gwamnatin tarayya tun farko, ciki har da tsaro, kuɗin ƙasa, kwastan, 'yan sanda, ma'adinai da mafi ƙarancin albashi. Bayansa akwai jerin haɗaka wanda tarayya da jihohi duka suke iya yin doka a kai, sai dai idan dokokinsu suka ci karo ta tarayya ce ke sama. Abin da bai fito a ko'ina ba na jihohi ne. Ayyukan ƙananan hukumomi kuwa, irin su kasuwanni, tashoshin mota, mahauta da maƙabartu, suna jadawali na huɗu. Ka tabbata bugun da ke hannunka ya ƙunshi gyaran da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, wanda ya bai wa jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, ya kuma buɗe musu ƙofar samar da wutar lantarki da rarraba ta ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya ratsa. Mutane da yawa suna zagin Abuja a kan abin da ya daɗe a hannun gwamnansu.

Tambayar da 'yan siyasa ke tsallakewa

Idan ka gano mai riƙe da ikon, kada ka yi gaggawar tambayar matakin gwamnatin da ya fi cancanta da shi. Ka fara tambayar ko ya kamata wata gwamnati ma ta riƙe shi. Nan ne wannan ra'ayi ya rabu da na masu kiran a mayar wa jihohi komai, domin a lissafinsa mataki na ƙasa shi ne mutum da iyalinsa da ƙungiyar sana'arsa, kuma duk abin da suka iya yi da kansu ba a kai shi sakatariya.

Tarihin gyaɗa ya isa misali. Ana yawan tuna zamanin yankuna da dalar gyaɗa ta Kano cikin shauƙi, kuma akwai dalilin hakan, amma akwai ɓangaren da ake bari a baya. Tun daga 1954, lokacin da tsarin mulkin Lyttelton ya mayar da ƙasar tarayya, kowane yanki ya sami hukumar cinikin amfanin gona tasa, kuma ita kaɗai doka ta yarda ta sayi gyaɗa ko auduga ko koko don fitarwa waje. Ita ke yanka farashi, kuma abin da take biyan manomi bai kai na kasuwar duniya ba, ragowar tana tafiya ayyukan gwamnatin yanki. Masanin tattalin arziki Peter Bauer, wanda ya yi bincike a kan cinikin Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1950, ya nuna cewa wannan haraji ne mai nauyi da aka ɗora wa manomi ba tare da an kira shi haraji ba. An gina abubuwa da kuɗin, babu shakka, amma manomin Ɗambatta ko na Gumel ba a tambaye shi ba, kuma bai da wani mai saye da zai juya wa. Sauko da hukumar daga Legas zuwa Arewa bai buɗe masa kasuwa ba, sai da aka rushe hukumomin baki ɗaya a 1986.

Haka dokar amfani da ƙasa ta 1978 take. Ta damƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta mayar da mai fili mai haƙƙin zama na wa'adi, galibi shekara 99, ta kuma wajabta neman yardar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da fili mai takardar shaida. Idan gwamnati ta karɓe shi da sunan amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce. Wannan iko yana jiha, ba ya Abuja, amma duk wanda ya taɓa zaryar neman satifiket ya san kusancin ofis bai rage masa wahala ba. Saboda haka idan ka ji gwamna yana neman a sakar masa mara, ka tambaye shi ko shi ma zai sakar wa masu filaye.

Mai ɗaki da wurin yoyo

Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe, wato ayyukan da lallai sai hukuma, shi ne za ka raba tsakanin matakai. Ƙa'idar a nan ita ce ta Friedrich Hayek, masanin tattalin arziki ɗan asalin Ostiriya, wanda ya yi bayani a 1945 cewa sanin da tattalin arziki ke gudana a kai a warwatse yake a kawunan miliyoyin mutane, kowa da ɗan abin da ya sani na wurinsa da lokacinsa, kuma babu ofishin da zai iya tattara shi. Bahaushe ya riga shi da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka ka tambayi kanka: yin wannan aiki da kyau yana buƙatar sanin unguwa da gona da mutanen wurin? Kuma amfaninsa ko cutarwarsa suna tsayawa a wurin, ko suna tsallakawa maƙwabta? Kwashe shara, rijiyar burtsatse, makarantar firamare da hanyar ƙauye zuwa kasuwa duk na kusa ne. Tsaron iyaka, buga kuɗi da kotun ƙoli na kowa ne. Kogin da ya ratsa jihohi, kamar kogin Haɗeja inda madatsun Tiga da Challawa a Kano suke shafar masu noman fadama a Jigawa da Yobe, yana buƙatar yarjejeniya tsakanin waɗanda abin ya shafa.

Gwada wannan a kan mafi ƙarancin albashi. An kai shi naira 70,000 a Yuli 2024, adadi ɗaya daga Legas har Damaturu, alhali kuɗin haya da na mota da na abinci ba ɗaya ba ne, kuma ƙarfin masu ɗaukar aiki ba ɗaya ba ne. Adadin da ya yi wa ma'aikacin Ikeja kaɗan yana iya hana mai ƙaramar masana'anta a Gusau ƙara ma'aikaci. Ƙungiyar ƙwadago ta fito zanga-zanga a 2021 lokacin da aka kawo ƙudirin mayar da batun jerin haɗaka, kuma tsoronta na cewa wasu gwamnoni za su danne ma'aikata ba na banza ba ne. Duk da haka, a wannan ma'auni albashi na cikin abubuwan da nesa ba ta iya yanka musu farashi.

Bi sawun kuɗi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma a kansa mafi yawan shawarwari ke faɗuwa. Ka nemo kasafin kuɗin jiharka, wanda yawancin jihohi suke sakawa a intanet yanzu, ka je shafin kuɗaɗen shiga, ka ware abin da ya zo daga asusun tarayya da kason VAT gefe guda, ka ware kuɗin shiga na cikin gida gefe guda, sannan ka raba na cikin gida da jimillar duka. Ka yi amfani da abin da aka tara a zahiri a shekarar da ta wuce, kada ka dogara da hasashe, domin hasashen kasafi sau da yawa fata ne. Daga nan ka duba ko kuɗin cikin gida zai iya biyan albashi da fansho shi kaɗai. Idan ka cire Legas da wasu tsirarun jihohi, amsar ita ce a'a.

Dalilin yin wannan lissafi shi ne gwamnati tana sauraron wanda ke ciyar da ita. Kowane wata kwamishinonin kuɗi suna hallara a taron kwamitin rabon arzikin ƙasa na FAAC, inda ake kasa abin da ya shigo asusun tarayya: kashi 52.68 cikin ɗari ga tarayya, 26.72 ga jihohi 36, sai 20.60 ga ƙananan hukumomi 774, bayan an cire kashi 13 na kuɗin ma'adinai ga jihohin da aka haƙo su. Gwamnan da mafi yawan kuɗinsa daga can suke fitowa ba ya asarar komai idan masana'antun jiharsa suka rufe, kuma ba ya samun abin kirki idan suka bunƙasa, tunda harajin ribar kamfanoni na tarayya ne. Harajin albashi da na kuɗin shigar mutane yana zuwa wa jihar da mutum yake zaune, amma dokar tarayya ce ke yanka adadinsa, don haka babu jihar da za ta iya rage shi don jawo masu jari.

Ka kuma duba yadda ake raba kason jihohi a tsakaninsu: kashi 40 daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, 10 bisa ci gaban zamantakewa, sai 10 kacal bisa ƙoƙarin tara kuɗin gida. Duk mai hankalin da aka shimfiɗa wa wannan tsari ya san inda riba take. Ƙirƙirar sabuwar jiha tana kawo sabon kaso, shi ya sa muka tashi daga yankuna huɗu zuwa jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, har 36 a 1996, kuma kiraye-kirayen ƙari ba su tsaya ba. Ƙidayar jama'a ta zama yaƙi saboda dalili guda. Wannan ba rarraba iko ba ne a ma'anar da muke nufi, ƙara yawan masu miƙa ƙoƙo ne a bakin tukunya ɗaya.

A ƙarƙashin tsarin mulkin 1963 rabin kuɗin ma'adinai yana komawa yankin da aka haƙo su, harajin fitar da amfanin gona ma yana komawa yankin da ya noma shi. Duk da aibin hukumomin ciniki da na ambata, wannan rabo bisa tushen arziki, wanda ya fara tun kafin 1963, ya sa kowane firimiya ya damu da abin da yankinsa ke samarwa, kuma aka yi rige-rige: Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955 ta buɗe gidan talabijin a Ibadan a 1959, Gabas ta kafa jami'ar Nsukka a 1960, Arewa ta kafa ta Ahmadu Bello a 1962. Da man fetur ya zo sojoji suka tattara komai a tsakiya, kason tushen arziki ya yi ta raguwa har ya taɓa kai kashi 1.5 a shekarun 1980. A nan Arewa kuma Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979. Ni ban ga laifinsu ba, domin dattawa suna da labarin yadda ake shanya mutum a rana a kan kuɗin haraji. Sai dai tun daga nan talaka ya daina jin kuɗin gwamnati nasa ne, gwamnati ita ma ta daina jin tana cin guminsa, kuma kuɗin da ba a ji zafin fitarsa ba, ba a bin bahasinsa.

Domin ka ga ɗaya ƙarshen ma'aunin, dubi Suwizalan. Tana da jihohi 26 da ake kira kanton, kowace tana yanka harajin kuɗin shiga nata, garuruwa ma suna ɗora nasu, kuma ƙaramar kanton kamar Zug ta jawo kamfanoni masu yawa da sauƙin harajinta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ikon gwamnatin tarayyarsu na karɓar harajin kai tsaye da na VAT yana da wa'adi, sai jama'a sun sabunta shi da ƙuri'a, kuma sabuntawar da aka yi a Maris 2018 za ta ƙare a 2035. A can tsakiya ce ke zuwa neman izini.

Za a ce jihohi marasa ƙarfi za su durƙushe idan aka ce kowa ya ci gashin kansa, kuma wannan magana ce da ba a tsallake ta, musamman a yankin da rikici ya ɗaiɗaita. Suwizalan kanta tana da asusun daidaitawa da kanton masu hali ke tallafa wa marasa hali. Abin da za ka duba a kowane tsarin tallafi shi ne ko yana hukunta mai ƙoƙari: idan jiha ta ninka kuɗinta na gida, za a rage mata tallafi daidai da abin da ta ƙara? In haka ne, an koya mata zama. Da wannan ido za ka karanta rigimar VAT da ta taso bayan babbar kotun tarayya a Fatakwal ta ba jihar Ribas gaskiya a Agusta 2021, da kuma dokokin haraji da Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2025.

Wa zai biya idan an ci bashi

Wannan mataki gajere ne, amma ba a yi masa rangwame. A farkon shekarun 1840 jihohin Amurka takwas, ciki har da Fensilbeniya, suka kasa biyan bashin da suka ci don haƙa hanyoyin ruwa da kafa bankuna, suka nemi gwamnatin tarayya ta ɗauke musu, majalisa ta ƙi. Bayan wannan wuya ne jihohi suka riƙa rubuta wa kansu dokokin taƙaita cin bashi. Burazil ta bi ɗaya hanyar, ta ceto jihohinta sau uku tsakanin 1989 da 1997, kowane ceto yana haifar da sabon bashi, har sai da ta kafa dokar ladabin kasafi a 2000. Mu ma mun ga tallafin ceto da aka bai wa jihohi a 2015 don biyan bashin albashi. Ma'aikaci ya ji daɗi, kuma ya cancanta, amma kowane gwamna ya ɗauki darasin cewa idan ta yi tsami akwai mai zuwa. Duk shawarar da ta ba jiha ikon kashewa da cin bashi ba tare da ta rufe ƙofar ceto ba, ka san a ƙarshe kai za ka biya ta hanyar faɗuwar darajar naira.

Ƙofar fita da hanyar kaya

Masanin tattalin arziki Charles Tiebout ya kawo hujja a 1956 cewa idan hukumomi suna da yawa kuma ƙaura tana da sauƙi, mutane suna zaɓe da ƙafafunsu, su bar inda ake tatsarsu ba aiki su koma inda kuɗinsu ke yin amfani. Ana ganin haka a Amurka, inda jihohi kamar Teksas da Fulorida, waɗanda ba sa karɓar harajin kuɗin shigar mutane, suke ta karɓar baƙi daga wasu jihohi. Mu ba baƙin wannan dabara ba ne, domin kafin zuwan Turawa da bayansa makiyayi yana kaɗa shanunsa ya bar ƙasar hakimin da ya tsananta jangali, kuma hakimin da talakawansa suka watse shi ke jin kunya a gaban sarki.

Saboda haka ka tambaya: wanda ya ƙaura, me zai rasa? Sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama ko'ina, na 42 ya hana nuna bambanci, na 43 ya ba shi damar mallakar gida a ko'ina. A aikace kuwa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ita ce ke buɗe ƙofar aikin gwamnati da tallafin karatu, kuma Bahaushen da aka haifi kakansa a Sabo ta Ibadan, kamar Inyamurin da aka haifa a Sabon Garin Kano, yana biyan haraji a inda ake kiransa baƙo. Ƙara wa jihohi iko ba tare da an mayar da haƙƙi kan zama da biyan haraji ba zai ƙara wa wannan katanga tsawo.

Kaya ma haka. Masanin siyasa Barry Weingast ya sa buɗaɗɗiyar kasuwar ƙasa cikin sharuɗɗan tarayyar da ke raya tattalin arziki, wato kada wata jiha ta iya tare kayan wata. Ni a gaban mota na fahimci wannan sharaɗi. Wani kawuna yana fataucin albasa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar da ke ratsa jihohi shida, kuma na taɓa bin sa a lokacin hutu. Direban yana da wata baƙar leda a kusa da giya, cike da rasit da sitika iri-iri, na dakon amfanin gona, na tsabtar muhalli, na lodi da saukewa, har da na rediyon mota. Wani wuri da tsakar dare samari suka jawo katako mai ƙusoshi suka gitta a titi, ɗaya ya haska tocila ya ce sitikarmu ta bara ce. Na fara cewa doka ta hana, domin na san tun 1998 aka haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji, sai kawu ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, bar shi. Doka ba ta ruɓewa, albasa tana ruɓewa." Ya miƙa kuɗin, aka ja katako. Da muka wuce ya yi mini lissafi cewa duk abin da ke cikin ledar nan yana cire shi ne daga farashin da yake bai wa manomi, ko ya ɗora shi a kan mai miya a Legas.

A nan mai wannan ra'ayi yana son gwamnatin tarayya mai ƙarfi, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Aikinta ne ta tsare hanya a buɗe ta kuma hukunta duk hukumar da ta mayar da iyakar jiha kamar iyakar ƙasa. Abin takaici ta kama ayyuka ɗari da ba nata ba ta saki wannan.

Kada ka manta da zaluncin kusa

Kusanci yana sauƙaƙa bin bahasi, yana kuma sauƙaƙa ramuwar gayya, domin shugaban ƙasa bai san gidanka ba amma kansila ya sani. 'Yan jam'iyyar NEPU da suka ɗanɗana hannun 'yan dokan En'e da kotunan alƙalai da gidajen yarinta a shekarun 1950 da 1960 shaida ne. Ka riƙe wannan a zuciya idan ana maganar 'yan sandan jihohi. Hujjar sanin gida tana goyon bayansu sosai, kuma jihohi sun riga sun fara da rundunar tsaro ta Amotekun a Kudu maso Yamma a 2020 da dakarun sa-kai a Katsina da Zamfara. Tambayoyin da za ka yi su ne wa zai naɗa shugabansu, wa zai iya cire shi, daga wane aljihu za a biya su, kuma wace kotu ce wadda gwamna ba ya iko da ita za ta saurari wanda suka zalunta.

Yanzu ka ɗora hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yuli 2024 a kan ma'aunin gaba ɗaya, don ka ga yadda ake aiki da shi. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da shi, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Ta fuskar sanin gida an ci gaba, domin idan aka aiwatar da hukuncin kuɗi zai matso kusa da rijiya da asibitin sha-ka-tafi. Ta fuskar tushen kuɗi babu abin da ya sauya, ciyaman yana jiran Abuja ne kamar yadda gwamna ke jira. Ta fuskar tsoron mai zaɓe kuwa, muddin hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen kuma jam'iyyar gwamna ce ke lashe kusan kowace kujera, wanda ciyaman ke shakka yana gidan gwamnati. Ta fuskar hanyar kaya abin yana iya yin kyau ko muni, gwargwadon ko sabon kuɗin zai sa a janye 'yan rebenu daga titi ko a ƙara ɗaukar wasu. Irin wannan sikeli za ka yi wa dokar lantarki ta 2023, wadda jihar Inugu ta kasance cikin na farkon da suka karɓi ikon kula da kasuwar wutarsu a 2024: ka duba ko jiharka tana ba masu jari lasisi su yi gasa, ko tana shirin kafa nata kamfanin da zai zama ƙaramar NEPA.

Abin da ya rage aikin ƙafa ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon wata-wata. Ka kwafi na taku na wata shida a takarda, ka haɗa da abin da ƙungiyar 'yan kasuwarku ko ta direbobinku ta san tana biya na rumfa da na tasha, ku je sakatariya ku uku ko huɗu, ku nemi ganin kasafin shekara da jerin ayyukan da aka biya kuɗinsu, ku kuma bar buƙatar a rubuce tare da karɓar kwafi mai hatimi da kwanan wata.